Bindigar Ƙusar da Ya Modu Ya Je Nema

Ina tsugune a ƙofar shagonmu na Moduganari, a Maiduguri, ina wasa zarto, wajen hantsi, sai na ga Kyari direban Gamboru ya tsayar da motarsa a tsallaken titi. Bai danna ham ba kamar yadda ya saba. Ya tako a hankali, ya tuɓe takalmi a bakin tabarma, ya zauna, sannan ya ce, "Bukar, sai haƙuri. Ya Modu ya riga mu gidan gaskiya. Shekaranjiya bayan azahar, a Njamena. An kai shi tun kafin magariba."

Na yi salati. Na tuna na ajiye magagarin da ke hannuna, na sake ɗauka, na sake ajiyewa.

Tun da na dawo daga Njamena, duk ranar da na shiga Kasuwar Kwastam sayen gam ko ƙusa sai an tare ni: yaya hanya, yaya mutanen Cadi, wai da gaske ne na zo da bindigar da take harba ƙusa? Ina amsawa gwargwado, amma akwai inda in na kai murya takan ƙi fita. Shi ya sa na ga gara in rubuta. Karatuna bai yi nisa ba, a yi mini uzuri.

Ya Modu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shagonmu ɗaya. Tun muna samari muka raba aiki ba tare da an zauna an raba ba. Yanka da ɗaura rufi da duk aikin ƙarfi nawa ne. Aikin gamawa nasa ne: siraran katakon ado na gefen silin, bakin ƙofa, fuskar kabad. Bahago ne. Da hagunsa yake nutsar da ƙaramar ƙusa cikin jan katako, ka shafa ba ka ji komai ba. Ni kuwa in na buga sai guduma ta bar sawunta. Yakan leƙo ya ce, "Bukar, a hankali, katakon nan bai zagi babanka ba."

A lokacin muna aikin gidan wani malamin jami'a a Mairi, muna ce masa Dakta. Ya ce ba ya son fenti a katakonsa, folish kawai, don a ga jikin itacen. Aiki irin wannan ba ya ɓoye laifi. Mun kusa rabi sai Ya Modu ya ji a bakin direbobi cewa wani kamfanin Turawa ya gama gini a Njamena ya sayar da kayan aikinsa, ciki har da bindigar ƙusa wadda ba ta buƙatar injin iska da tiyo. Mai injin iska ba ta da amfani gare mu, don ba a ja wuta gidan Dakta ba tukuna. Na ce masa, "Kai da hannunka ya fi inji, me za ka yi da ita?" Ya ce, "Hannu ai aro ne." Na ɗauka irin maganganunsa ne. Ya tafi.

Bayan sadakar bakwai Dakta ya sake zuwa gaisuwa. Mutum ne mai kunya. Sai da ya tashi tafiya ya ja ni gefe ya ce iyalinsa za su tare bayan babbar sallah, in na ga aikin ya fi ƙarfina in gaya masa da wuri, ba zai ji haushi ba. Na gane abin da bai faɗa ba. Shagon nan gida biyu yake ciyarwa, kuma sunansa a gari hannun Ya Modu ne. In aikin Mairi ya koma hannun wasu, sauran masu ba mu aiki ma za su bi.

Da na shiga gaida Ya Falmata, matar marigayin, tana takaba, daga bayan labule ta ce, "Ka je ka ga inda aka kwantar da shi, ka kwaso kayansa. In ka tarar da abin da ya je nema, ka duba."

Motar Kyari na shiga. Ƙarshen damina ne. Har Dikwa ba mu sha wahala ba, a nan muka tsaya muka ci burabisko da miyar kuka a wata rumfa. Daga Dikwa ne hanya ta nuna halinta. Baƙar ƙasar nan ta firki in ta sha ruwa, taya ba ta da ta cewa. Muka kafe. Maza muka fita turi, taɓo ya cire mini takalmi ɗaya, sai da na zura hannu har gwiwar hannu na lalubo shi.

Kusa da ni wata dattijuwa ce, Bashuwa, mai fataucin bandar kifi, kowa Hajja yake ce mata. Tun daga tasha take tsokanata. Da na dawo mota da takalmi a hannu ta ce, "Kai Babarbare, da wannan ƙafar za ka je neman auren? 'Yan matan Njamena ba sa kallon mai taɓo." Na yi murmushi na ce ba aure ba ne, kabarin yayana zan je gani. Can ta kwance bakin gyalenta ta zuba mini dabino a hannu, ta ce, "Ci, ɗana." Daga nan har muka rabu ba ta sake tsokanata ba, sai koya mini kalmomin Larabcinsu da zan buƙata: gaisuwa, godiya, da tambayar hanya.

A Gamboru Kyari ya tsaya, iyakarsa ke nan. Muka canza naira zuwa sefa, muka tsallaka gada da ƙafa zuwa Fotokol, ƙasar Kamaru. Abin mamaki, ruwa ne ɗan kaɗan tsakani, fuskoki iri ɗaya, Barebari da Shuwa kamar gida, amma kaki ya canza, rubutun allo ya canza. Jandarma ya karɓi takarduna, ya kira sunan mahaifinmu da ƙarfi. Na tsaya ina waige-waige, sai Hajja ta zungure ni ta ce, "Kai ake kira. Nan da sunan uba suke farawa." Ban ji an kira sunan nan a bainar jama'a ba tun rasuwarsa.

A nan na fara ganin burodinsu, dogo kamar sanda, ana ɗauke shi a hammata ba leda. Na saya na gatsa, ɓawon ya yanke mini dasashi. Mai shayi ya yi dariya ya nuna mini a tsoma shi ake yi. In an tsoma, ba laifi.

Mun isa Kusuri da almuru, an riga an rufe gadar shiga Cadi. Muka kwana a rumfar tasha, sauro ya yi abin da ya ga dama. Da safe muka tsallaka gadar, Hajja ta sa ni a motar da za ta kai ni unguwar da nake nema, ta ɗaga hannu ta yi wa Ya Modu addu'a, ita da ba ta taɓa ganinsa ba. Ban tambayi sunanta na yanka ba, har yau ina jin wannan.

Masaukin da Ya Modu ya sauka gidan Alhaji Jibrin ne, dillalin shanu da yake da 'yan'uwa a Maiduguri, Hausarsa ta fi tawa gudu. Direbobinmu duk can suke tura baƙi. Da na yi sallama na faɗi ko ni wane ne, bai miƙo hannu ba. Ya tashi tsaye, ya ɗaga tafukansa biyu, duk mutanen zauren suka tashi suka yi haka, aka karanta Fatiha a tsaye, sannan kowa ya zo ya dafa kafaɗata. Mu a gida zama ake fara yi, a gaisa, sannan a yi addu'a. Su addu'ar ce gaisuwar.

Alhaji ya ce sun dawo daga sallar azahar, an kawo shayi, Ya Modu ya jingina da bango ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Kafin a samo mota ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. "Bai wahala ba," in ji shi, "kuma sahu ya cika a sallarsa, ko ɗan gari sai haka."

Ya kai ni maƙabarta da kansa. Kabarin yana gefe, kusa da wata ƙaramar aduwa, an kafa guntun ƙarfe a wajen kai. Na yi abin da ya sauwaƙa na addu'a. Ban daɗe ba.

Da muka koma aka kawo abinci a faranti ɗaya babba: tuwon gero mai tauri da miyar kuɓewa busasshiya, ga nama kamar ba saye ake yi ba. Alhaji yana ta turo tsoka gabana yana cewa, "Ci, Bukar. Yayanka ma haka ya riƙa tsakura kamar amarya." Bayan abinci shayi, bayan shayi wani shayin. Mutanen nan ba sa gajiya da shi.

Sannan ya miƙo mini jakar. Kaya kala biyu, tef na awo, fensirinsa da ya tauna gindinsa, da wata kwalbar maganin asibiti da ban taɓa gani ba. A ƙasa akwai guntun jan katako, na gane shi, ragowar katakon adon gidan Dakta ne. An jera ƙananan ƙusoshi a jikinsa layi biyu, wasu sirara kamar allura, wasu sun ɗan fi kauri. Da yawa a karkace suke. Na yi mamaki, don Ya Modu bai taɓa buga ƙusa a karkace ba.

Washegari na nemi shagon mai kayan, Usta Hisen. Can usta suke ce wa gwanin sana'a. Na isa rana tsaka na tarar da layin duka a rufe, na ɗauka rasuwa aka yi. Wani mai gadi ya nuna mini rana, ya kwantar da kansa a tafin hannu. Wato barci suke, sai la'asar. Na zauna a inuwa na jira. A Kasuwar Kwastam wanda ya rufe shago da azahar ya tafi barci, sai a ce ko ba shi da lafiya.

Usta Hisen dogo ne, mai furfura a gemu, Hausarsa ta kasuwa ce amma ana ganewa. Da ya ga guntun katakon a hannuna bai tambaye ni komai ba, ya ɗaga hannu ya yi Fatiha. Ya shiga ciki ya fito da akwatuna uku na roba.

Ta farko babba ce, ta aikin rufi, ƙusarta kamar wadda nake bugawa kullum. Ya ce, "Wannan ba taku ba, yayanka ko taɓa ta bai yi ba." Sauran biyun su ne na gamawa. Ya nuna mini yadda suke. Ana zura ɗan gwangwanin gas a baya, da batir a hannun riƙo. Ƙusoshin a manne suke jere kamar haƙoran mataji, a zura su a gidansu. In ka danna bakinta a katako sai wata 'yar fanka ta tashi a ciki, ka ja kunama, gas ya kama, ƙusa ta shige. A bakin akwai 'yar roba don kada ta bar tabo. Batir in ya sha wuta sau ɗaya yana yin aikin yini da ƙari.

Na tambaye shi ko tana ɗaukar ƙusa inci biyu. Ya dube ni, na dube shi. Su ba su san inci ba, da milimita suke awo. Muka yi ta ja, yana faɗin hamsin ina cewa biyu, har na zaro tef ɗin Ya Modu muka aza ƙusar a kai. Ashe abu ɗaya muke faɗa. Ya yi dariya ya ce, "Haka muka yi da shi, daidai haka."

Na ɗauki ƙaramar, mai siririyar ƙusa. Ba nauyi. Na harba a katakon, ramin da ta bari sai ka kawo ido kusa. Na ji daɗinta. Amma da na haɗa katakon da wani na harba, na sa hannu na ja, sai ya ɗago. Na ɗauki ta biyun, mai ƙusa mai ɗan kauri. Ta fi nauyi, ƙararta ta fi, raminta yana son ɗan fotin cike rami. Na ja, na sake ja, katako ya ƙi motsi.

Na ce, "Usta, wacce ya zaɓa?"

"Bai zaɓa ba. Ya zo, ya koma, ya sake zuwa. Ranar ƙarshe ya ce bayan la'asar zai dawo da magana ɗaya."

"To me ya sa ƙusoshinsa suka karkace haka? Ko bindigar ce?"

Usta ya girgiza kai. "Bindiga lafiya. Shi ne. Na ga fensir da hagu yake riƙewa, shayi ma in na juya baya da hagu yake ɗauka. Amma bindiga sai ya sa ta a dama, hannu yana rawa. Na ce, ya akhi, ɗan'uwana, riƙe da hannunka na aiki mana. Ya ce a'a, ba ni zan riƙe ta ba. Ƙanena ne, shi da dama yake aiki. Ya ce ƙanena ya fi ni ido, ya fi ni awo, guduma ce kawai ba ta jin maganarsa."

Na ce ina zuwa. Na fita bayan shagon na ɗan tsaya. Usta bai biyo ni ba, da na dawo na tarar ya zuba shayi.

Sai na gane abin da ya hana Ya Modu yanke magana. Damansa ba ta da ƙarfi, duk wadda ya ɗaga sai ya ji ta yi nauyi, yana tsoron ya ɗora mini abin da zai gajiyar da ni a ƙarƙashin silin. Ni kuwa da wannan hannun nake ɗaga katakon rufi. Na ɗauki mai kaurin na ɗaga ta sama da kaina kamar ina kan tsani, na riƙe har Usta ya shanye shayinsa. Kafaɗata ba ta ce komai ba. Katakon Dakta mai tauri ne, kuma zafin Maiduguri yana murɗa katako. Abin da ba a riƙe da kyau ba, bazara ɗaya zai buɗe baki. Rami kuwa foti yana rufe shi. Na ce wannan nake so.

Usta bai ɓoye mini aibinta ba. Ya ce gas ɗin ba a samunsa ko'ina, sai in kaya sun zo daga Duwala ta Kamaru, ƙusar ma haka. Ranar da suka ƙare, ta zama ƙarfen banza. Ya ce kada in bar gwangwani a rana, kuma in riƙa buɗe ta ina share ƙura, in ba haka ba za ta fara ƙin tashi. Ya sa na kwance ta na mayar a gabansa har hannuna ya saba. Na kwashe gas da ƙusar da yake da su duka. A kan kuɗi ba mu ja ba, ya ce yadda suka yi magana da marigayi haka za a bar shi.

A dawowa, a bakin gadar Kusuri, jandarma ya ce in buɗe akwatin. Da ya ga abu mai hannu da kunama sai ya ja da baya ya kira ɗan'uwansa. Ba Hausa, ba Barbarci, kalmomin Hajja kuma ba su kai nan ba. Na duba na ga bencin da suke zama wani katakonsa ya ɗago. Na nuna bencin, na nuna kaina, suka ba ni hanya. Na danna, na harba biyu. Ya zauna ya girgiza, ya tashi ya leƙa yana neman kan ƙusar bai gani ba. Sai dariya. Kafin in ankara an fito da kujera da wani tebur mai ɗingishi. Na gyara ina jin kowace ƙusa a raina, don na san ba a sayar da ita a gida. Suka ba ni burodin nan dogo guda, suka ɗaga mini hannu.

A Gamboru na sake samun Kyari. Ya so ya ɗora kwalin gas a gaban gilashi inda rana take duka, na ce a'a, na naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu na rungume. Ya ce, "Wushe, sannu da jego, Bukar." Ita ce dariyar farko da na yi tun ranar da ya zo shago.

Na kai wa Ya Falmata jakar. Na tura kwalbar maganin ƙarƙashin labule. Ta ce, "Tun bara likita ya gaya masa zuciyarsa ce. Ya ce kada in faɗa maka, wai za ka hana shi hawa tsani, ka hau kai, ka ɓata wa mutane katako." Na ji tana dariya, na ji kuma dariyar ta koma wani abu. Na tashi na ba ta wuri.

Na koma Mairi. Kwanakin farko na ɓata katako ba ɗaya ba, sai da na gane dole bakinta ya zauna daram kafin a ja. Daga nan aiki ya tafi. Na gama falo, na gama ɗakuna, na bi ramuka da foti, aka shafa folish. Dakta ya zo ya bi bango yana shafawa da hannu, ya daɗe yana kallon kusurwa, sannan ya ce wani abokinsa yana gini a bayan layinsu, zai turo shi. Yanzu can nake aiki. Gas ya yi ƙasa, na aika wa Usta saƙo ta hannun Kyari, ina jira.

Saura wuri ɗaya a gidan Dakta. A saman ƙofar ɗakin karatunsa akwai katakon adon da Ya Modu ya ɗora ranar da zai tafi. Bai buga shi ba, ya dai riƙe shi da ƙusa biyu da ya bar kawunansu a waje, yadda yake yi in zai dawo ya daidaita. Aikin bai fi na ɗan lokaci ba: a zare su, a harba, a shafa foti. Na hau tsanin da bindigar a hannu, na sauko. Dakta ya gani, ya ce ba gaggawa. Iyalinsa sun tare, sallah ta wuce.

Har yau ban zare ƙusoshin nan biyu ba.